Sautun Yaya Babayo

Firam ɗin taga ɗaya, na alminiyom, naɗe cikin tsohon zanen Umma. Ƙaramin famfon ruwa, matacce. Mariƙin ƙofa. Guntun robar da ke bin bakin gilashi. Hotuna a waya. Fasfo. Lema.

Abin da Radiyya ta ɗauko ke nan, kuma in aka cire fasfon da lemar, babu nata a ciki.

Tasi ta baro unguwar Dengfeng tun ɗazu, tana hawa gada tana sauka gada, ta nufi bayan gari wajen Baiyun, inda benaye ke gajarcewa, sito da ƙananan masana'antu su cika bakin titi. Yayyafi ake yi, irin na ƙarshen shekarar 'yan China, wanda ba ya jiƙa mutum sosai sai dai ya shiga masa ƙashi. Firam ɗin yana kan cinyarta. Duk birkin da aka taka sai ya zunguri kujerar direba, direban ya waiwayo ya yi wata magana, ita kuma ta ce masa yi haƙuri da Hausa.

Takalma ta zo saye. Su take sayarwa a shagonta na kasuwar Sabon Gari, kuma zuwan nan na Babbar Sallah ne. Kwantenar da ta kama wuri a ciki ita ce ta ƙarshe da za ta tashi kafin hutun sabuwar shekarar China, lokacin da masana'antu ke rufewa, ma'aikata su watse garuruwansu, a yi kusan wata ba a buga ko ƙusa. Kayan da bai shiga wannan kwantenar ba, sai bayan an cinye naman layya zai ga Kano. Takalmin Sallah kuwa bayan Sallah kwantai ne.

Ta san haka tun a gida. Yaya Babayo ma ya sani. Shi ya sa ya bari sai da aka saka akwatunanta a mota, ta durƙusa tana yi wa Umma sallama, sannan ya shigo da ƙunshin a hammata.

"Ɗan sautu ne, Radi," in ji shi. "Ba wani abu ba ne. Kina shiga kasuwa za ki gan su a zube."

Sautu ba a ƙin sa, balle na wa, balle a gaban uwa. Mai tafiya hannun kowa ne. Kuɗi kam ya biya, ya tura ta wajen mai canji tun kafin ta sauka, ba nan matsalar take ba. Matsalar ita ce wanda aka ba sautu shi ke yawon nema da ƙafarsa, kuma in abu ya zo ba daidai ba, ba a tambayar wanda ya aika.

Motar da ake wa wannan wahala tana ƙofar gidansu a Kano. Tsohuwar motar tafi-da-gidanka ce 'yar Kwatano, irin wadda Turawa ke tafiya hutu da ita, da gado, da wurin girki, da banɗaki a ciki. Babayo ya saye ta don ya riƙa ba 'yan fim haya in za su shiga ƙauye ɗaukar shiri. Ta iso da tsagaggun tagogi da mataccen famfo, ta tsaya inda aka sauke ta. Awaki suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙailula. 'Yan unguwa suna cewa Babayo ya gina gida bai sayi fili ba.

A zube kuwa ba ta gan su ba. Ta bi kasuwannin kayan mota layi-layi, tana kwance zanen tana naɗewa. Kowane mai shago ya juya firam ɗin, ya kalli hoton motar, ya kira maƙwabcinsa su yi dariya tare, sannan ya girgiza hannu. Meyo. Babu. Kalmar ta bi ta har cikin barci. A ƙarshe Abdul-Rauf, mutumin zangon Kumasi mai haɗa kayan 'yan kasuwa ya yi musu lodi a kwantena ɗaya, shi ya tura mata adireshin wata mata mai ƙera kayan irin waɗannan motoci. Can ta nufa yanzu, a ranar da ya kamata a ce tana kasuwar takalma ta Zhanxi tana duba ɗinkin takalmanta.

Tasi ta tsaya a bakin wani get. An ajiye bishiyoyin lemo biyu a tukwane, an rataya musu jajayen takardu. A cikin farfajiya motocin tafi-da-gidanka ne sababbi, farare fes, a jere. Radiyya ta kalle su, ta tuna ta ƙofar gidansu, ta kau da kai.

Madam Wu gajeruwa ce, cikin rigar sanyi mai kumbura, da gorar shayi a hannu. Ba ta da Turanci, Radiyya ba ta da Sinanci fiye da gaisuwa da ciniki, don haka waya ce ta shiga tsakani: wannan ta yi magana a ciki, waccan ta karanta. Famfo akwai irinsa, mariƙi akwai, roba akwai. Taga kuwa, in ji wayar, wannan mota ta girmi masana'antar. Meyo. Amma in akwai samfur, za a ƙera.

"Kafin hutu?"

Madam Wu ta kalli cikin rumfar aikin, inda rabin injuna suke a lulluɓe, ta ɗaga kafaɗa. Za a gwada.

Madam Wu ta ɗora firam ɗin a kan teburin ƙarfe. Ta danna kusurwa ɗaya da yatsa, kusurwar da ke kallonta ta ɗaga. Ta saki, ya koma. Ta sake dannawa. Sannan ta yi magana a waya ta miƙo. Wannan kusurwar, haka take?

Radiyya ta sunkuya ta duba. Karkacewar ba ta da yawa, kuma a mulmule take, ba alamar duka. Ita ba ta taɓa tsayawa ta ƙare wa motar kallo ba, kullum wucewa take tana tsaki. Amma ta san jikin motocin Turawa ba a miƙe yake kamar bango ba. Ta kira Babayo. A Kano ko assalatu ba a yi ba, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Abu ɗaya kasuwancin takalma ya koya mata da zafi. Wata shekara ta ba da samfur, masana'anta ta ga kamar dunduniyar ta yi gajarta, ta ƙara mata tsayi don ta fi kyau. Matan Kano suka ɗaga, suka juya, suka ajiye. Tun daga nan dokarta ɗaya ce: abin da ke jikin samfur shi ne oda, ba a tambayi ra'ayin mai ƙerawa ba.

"Sem-sem," ta ce, ta buga firam ɗin da tafin hannu. Ta karɓi wayar ta ƙara: kada a canza komai, yadda yake haka za a yi, guda huɗu.

Madam Wu ta karanta, ta kalle ta, ta kurɓi shayi. "Sem-sem," ta amsa.

A hanyar dawowa Radiyya ta aika wa Babayo saƙon murya cewa an samu masu ƙerawa. Amsarsa ta same ta tana tsakiyar Zhanxi. Murya ce ta mutumin da ya yi barci ya ƙoshi.

"Madalla, Radi, Allah ya yi albarka. Ki ce su yi shi sak. Af, tunda kin samu wurin, ki tambaya mini rumfar nan mai naɗewa da ake maƙala wa a gefen mota. 'Yan fim suna son inuwa."

Washegari ya tuna tankin ruwa. Bayan nan matakala. Kowane saƙo da albarka yake farawa.

Zhanxi kuwa ta rikice. Tashar jirgin ƙasa tana kusa, mutane sai kwarara suke da buhuna da bokitai da yara a wuya, kowa ya nufi garinsu. A cikin benen takalma masu shago suna liƙe katan-katan da sauri, ƙarar salatif ta cika ko'ina. Mai yi mata takalma ya tarbe ta da fuska a ɗaure. Ranar da ya jira ta ta zo ta amince da launi ba ta zo ba, sai ya sa odar wani ɗan Kamaru a gaba. Kashi biyu cikin uku na kayanta sun fito. Ragowar, takalman yara mata masu ƙyalli, waɗanda su ne suke fara ƙarewa duk Sallah, sai ranar lodi da safe.

"Ranar lodi," ta maimaita.

"Da safe," ya ce, yana kallon wani wuri.

Ta kasa zama waje ɗaya. Ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa siton Abdul-Rauf ta ƙirga abin da ya iso, ta dawo Zhanxi ta tsaya a kan mai takalma, ta aika wa Madam Wu hoton rumfa, ta aika hoton tanki. A ɗakin da suke haya a Dengfeng ta kwance jakarta ta sake ɗaurewa ba tare da dalili ba. Madina, 'yar Damagaram da suke kwana ɗaki ɗaya, mai sayen gyale da jakunkuna, ta gaji da kallonta ta ja ta zuwa gidan abincin da ke hawa na biyu a bayan shagon wayoyi.

"Zauna, Bakanuwa, kina sa ni jiri," in ji Madina. "Tuwon nan ba kwantena ba ne, ba zai tashi ya bar ki ba."

"Ke ba ki da wa ne."

"Ina da su har uku. Na farko ya ba ni sautun injin niƙa. Na ce masa bon, na sayo, laduwan, kwastan ɗinmu, ta riƙe a Yamai."

"Ta riƙe ɗin?"

"Yaya za ta riƙe abin da yake shagon mai shi?" Madina ta yanko loma. "Daga ranar ko allura ba su sake ba ni ba. Sun ce ba ni da sa'a."

"Ku Damagarawa ƙarya ba ta yi muku nauyi."

"Ku Kanawa kuma kunya za ta kashe ku a ƙasar mutane. Jibe ki, kin zo sayen takalmi kin koma makanike. Gobe zai ce ki sayo masa titin da zai bi."

Radiyya ta yi dariya, ta farko tun saukarta, amma hannunta yana kan waya. Wani saƙon ya shigo. Wannan na Umma ne, Babayo ya riƙe mata wayar: tana gaishe ta, tana ce mata ta ci abinci, kuma ta kula da kayan yayanta, ya ƙwallafa rai.

Ranar Juma'a bayan an sallame a masallacin Huaisheng, ta fito ta ɓangaren mata ta hango Abdul-Rauf a bakin titin Guangta, tsaye wajen mai gasa naman rago, da doguwar jallabiya a kan rigar sanyi. Hausarsa ta zango ba ta raba mace da namiji, kuma ta daɗe da daina gyara masa.

"Hajiya Kano, ka zo ka ci nama."

"Na gode, Alhaji Rauf. Lodi yana nan yadda aka ce?"

"Yana nan. Mota za ta zo da rana, kafin magariba ta tafi, direba ma garinsu za shi." Ya tsige tsoka daga tsinke. "Amma ka ji. Wurin da ka kama na auna shi da tef, na takalma ne da ɗan abin da ka ce na ɗan'uwanka. Kwantenar ta cika, kowa yana gudun hutu. Jiya wani ɗan Agadas ya kusa yi mini kuka a kan katan biyar."

"Tagogi ne huɗu kawai. Da 'yan ƙananan abubuwa."

"Ƙananan abubuwa," ya ce, yana taunawa. "Duk wanda ya cika mini sito da ƙananan abubuwa ya fara."

Ranar lodi aka wayi gari da iska. Siton yana wani lungu mai faɗi, kwantenar tana bisa tirela da ƙofofi a buɗe, 'yan dako suna cusa kaya suna dannawa da gwiwa. Na Akara, na Kano, na Yamai, kowanne da sunan mai shi da baƙin alƙalami. Radiyya ta tsaya a gefe da lema a rufe, idonta ɗaya a kan bakin lungu, ɗaya a kan cikin kwantenar da ke ƙara matsowa kusa da ƙofa. Safiyar mai takalma ta wuce, azahar ta yi. Ta kira shi, ya ce mota tana hanya. Ta sake kira, ya ce cunkoso wajen tasha.

Motar Madam Wu ce ta fara isowa. Mutum huɗu suka sauke abin da ke bayanta suna nishi. Akwatin katako ne, dogo, an buga masa ƙusoshi, domin gilashi da rumfar da ta fi tsayin mutum biyu.

Abdul-Rauf ya zagaya shi a hankali. "Hajiya, tagogi ka ce mini. Wannan ai kwalekwale ne."

Bai gama rufe baki ba motar takalma ta shigo lungun, ta tsaya a bayan ta farko. Ya kalli katan-katan ɗin da ake saukewa, ya kalli akwatin, ya zaro tef ya hau kwantenar. Bai daɗe ba ya diro.

"Ɗaya zai shiga. Ko kwalekwale, ko waɗannan."

"A danna mana."

"Takalmi ana danna shi. Katako ba a danna shi." Ya naɗe tef ɗin. "A buɗe akwatin tukuna. Ba na saka abin da ban gani ba, kwastan ɗin Legas ba su san sunan ɗan'uwanka ba."

Aka ɓanɓare murfin. Aikin ya yi kyau, babu ƙarya: alminiyom yana sheƙi, gilashin mai duhu-duhu, robar baƙa wuluk. Abdul-Rauf ya ciro taga ɗaya ya kwantar a kan siminti don ya ga abin da ke ƙasa. Tagar ta yi rawa. Ya taka kusurwa da ƙafa, ɗayar ta ɗaga. Ya ciro ta biyu, ya ɗora a kan ta farko. Suka hau juna tsaf, karkacewa bisa karkacewa. Ta uku haka, ta huɗu haka.

"Motar ɗan'uwanka a murɗe take?" ya tambaya.

Radiyya ta danna kiran bidiyo. A Kano safiya ce, Babayo ya ɗauka yana ƙofar gida da kofin shayi, farin jikin motar a bayansa.

"Radi, an yi lodi?"

"Yaya, matsa kusa da motar. Nuna mini ramin tagar da ka ciro."

Ya matsa. Ramin yana nan, an toshe shi da kwali, kusurwoyinsa huɗu a miƙe sambal. Ta juya wayar ta nuna masa tagar da ke ƙasa, Abdul-Rauf ya taka masa ita ta yi rawa.

Babayo ya ce, "Me suka yi haka?"

"Abin da ka ba ni suka yi."

"Wane irin abin da na ba ki? Ai wancan wajen cirewa ya ɗan lanƙwashe. Ya ƙi fita, muka sa lebar taya."

"Ba ka faɗa ba."

"Sai na faɗa? Haba Radi. Wa ya taɓa ganin karkatacciyar taga? Ke da kika yi shekaru kina zuwa China."

"Ka ce su yi shi sak."

"Girman nake nufi."

'Yan dako sun tsaya da aiki suna jira. Direban tirela ya leƙo, ya nuna agogon hannunsa. Radiyya ta ce wa Babayo ya dakata, ta tura wa Madam Wu saƙo da hoton. Amsa ta zo da wuri, da hoton get ɗin masana'anta a rufe da kwaɗo. Ta tambaya a ranar, in ji Madam Wu, an ce mata sem-sem. Bayan hutu, in an kawo ma'aunin ramin, za ta sake yi. Barka da sabuwar shekara.

Radiyya ta karanta wa Babayo.

"Bayan hutu ina," ya ce. Muryarsa ta sauka, ta zama ta lallashi, wadda ta fi ta faɗa wahalar ji. "Na riga na yi magana da mutane, Radi. Bayan Sallah za su fara ɗauka, na ce musu mota za ta tashi. Ki sako su haka. Masu gyaran bodi na Kano babu abin da ba sa miƙarwa. In ma tagar ta ƙi, sai a lanƙwasa ramin. Ga rumfa, ga tanki, su ai lafiyarsu ƙalau."

Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, kuma ta san haka. Ta taɓa ganin motar da ta wuntsila a hanyar Zariya ta dawo titi kamar ba ita ba.

"Wuri ɗaya ya rage," ta ce. "In akwatinka ya shiga, takalman yara ba za su shiga ba."

"Takalmi ai ba ya ruɓewa. Su biyo kwantena ta gaba."

"Ta gaba bayan Sallah za ta iso."

"Wata Sallar tana zuwa." Hoton ya girgiza, ya shiga zaure, ya ratsa tsakar gida. "Bari ki ji Umma."

Fuskar Umma ta cika wayar, kusa ƙwarai, rabin goshi da ido ɗaya, da carbi a hannu. Ta tambayi sanyi. Ta tambayi ko Radiyya ta rame ne ko wayar ce. Sannan Babayo ya yi mata bayani daga gefe, a gajarce, yadda ya ga dama.

"Radiyya," in ji Umma, "ni ban san kan kayan mota ba. Amma a gabana ya ba ki, a gabana kika karɓa. Sautu amana ne. Kuma yayanki ne, ke kuwa Allah ya buɗa miki. Kada ki sa a ce kin je kin dawo kin bar nasa a can."

"Na ji, Umma."

"To, Allah ya yi miki albarka. Ki yi abin da ya dace."

Kiran ya tsinke, ko an tsinke shi. Radiyya ta tsaya da wayar a hannu. Yayyafi ya dawo, yana ɗiga a kan katan ɗin sama, kwalin ya fara duhu. Ta san abin da ke jiranta a kowane gefe. In takalman suka kwana a nan, 'yan sarin da ke zuwa mata daga Haɗeja da Gumel za su leƙa shagonta su wuce na gaba, kuma wanda ya wuce sau ɗaya ba lallai ya dawo ba. In akwatin ya kwana, za ta shiga gida ta gaishe da Umma a amsa mata a taƙaice, a ci Sallah a haka, kuma duk bikin da aka taru a dangi sai wata ta tuna cewa Radiyya ta yi kuɗi ta daina ganin mutane.

Ta taka zuwa bakin lungu. Ta dawo. Ta ɗaga murfin katan ɗaya ta ciro takalmi ƙarami, ja, mai ƙyalli, ta duba ɗinkin ƙasansa, ta ja igiyar da ƙarfi ta ga ba ta tsinke ba, ta mayar.

"Hajiya," in ji Abdul-Rauf a hankali, "direban nan jirginsa na ƙasa ba zai jira shi ba. Ka faɗi ɗaya."

"Akwatin zai iya zama a sitonka?"

"Zai zauna. Ba ya cin abinci." Ya matso kusa da ita. "In kana so, ni zan ce kuskurena ne, na auna ba daidai ba. An saba zagina daga Kano har Tamale."

"A'a."

Ta sunkuya cikin akwatin ta ciro famfon da mariƙin da naɗin robar, ta tura su a jakarta. Waɗannan za su bi ta jirgi. Sannan ta nuna wa 'yan dako katan-katan ɗin da lema.

Suka hau aiki da gudu. Katan yana tashi daga hannu zuwa hannu, na sama yana dannawa da gwiwa, Abdul-Rauf yana yi musu tsawa da Sinancinsa na kasuwa. Wayarta ta fara ƙara a cikin jaka. Ta bar ta. Ƙarar ta tsaya, ta sake farawa. Wasu biyu suka mayar da tagogin cikin akwati, suka ja shi a ƙasa zuwa cikin sito, katakon yana kuka a kan siminti. Katan na ƙarshe sai da aka kwantar da shi a gicciye kafin ya zauna.

Direban ya turo ƙofar hagu, ya turo ta dama, ya sa kafaɗa. Ƙarfen ya faɗa mazauninsa. Abdul-Rauf ya ɗaura hatimi ya ja ya ga ya kama, sannan ya juyo yana share hannu a jallabiya.

"Me za ka ce a gida?"

"Zan ce takalmana na saka," in ji Radiyya. "Ni zan faɗa wa Umma da bakina, kafin ya riga ni. Akwatinsa ya jira kwantenar bayan hutu. In yana son miƙaƙƙiyar taga, ya auna ramin ya aiko wa matar da kansa."